Baƙo Ba Ya «Gano» Gidan Mai Gida

A babban hutun da ya wuce mun taru, mu malaman kwaleji da na lise, domin mu tsara wani ɗan ƙamus na Hausa da Faransanci da Ingilishi wanda ƴan lakwal za su riƙa dubawa a darasin tarihi da na labarin ƙasa. Aiki yana tafiya lami lafiya har muka iso kan kalmar Ingilishi «explore» da ƴar uwarta ta Faransanci «explorer». Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya koyar da wasunmu tun muna yara, ya ce: «Ku rubuta gano mu wuce, haka muka taras ana faɗi.» Na ɗaga hannu na ce: «Malam, a gafarce ni, gano ba ita ce ma'anar ba.» Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce: «Ɗana, rana ta yi, ga sauran kalmomi tuli. Wa zai mutu saboda kalma guda?» Aka yi dariya, aka rubuta gano, aka wuce. Na yi shiru saboda girman furfura. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ƙarata gaban malamai ƴan uwana da ƙungiyoyin raya harshe da al'ada masu karanta wannan mujalla.

Gaskiyar Malam ce, babu wanda zai mutu. Sai dai a duba lokacin da muke ciki. Tun a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris na 2025 kuma, kundin da hukumomi suka zartar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, abu guda ba ya ɓuya: fassara za ta yawaita, littattafan tarihi da na kimiyya za su riƙa ratsowa daga waɗancan harsuna biyu zuwa namu, kuma mu malamai ne za mu yi fiton. Kalmar da muka sa yau cikin ƙamus ita yaro zai haddace, ita zai rubuta ranar jarrabawa, ita zai koya wa nasa ɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka bar wannan kuskure ya bushe cikin littafi, cire shi sai da gatari.

Bari mu fara da ita kanta kalmar. Ingilishi da Faransanci duka sun samo ta daga Latin, daga aikatau «explorare», wato duba abu da kyau, bin diddiginsa. A rundunar Rumawa akwai sojojin da ake kira «exploratores», waɗanda ake turawa gaba su dubo hanya da ruwa da inda abokan gaba suka yi sansani, su komo su ba da labari. Bahaushe ya san irin wannan mutum tun kafin ya ji sunan Rum, yana kiransa magewayi. Kalmar ta shiga Ingilishi cikin ƙarni na 16 da ma'anar bincika al'amari. Ma'anar tafiya wata ƙasa domin a ga abin da ke cikinta ta biyo baya ne, a ƙarni na 17, lokacin da jiragen ruwan Turai suka bazu cikin tekuna. Ke nan ma'anar da littafin tarihi ya riƙe, ya sa yaranmu suka zaci ita kaɗai ce, ƙanwa ce a gidan, ba uwa ba.

A Ingilishin yau ana amfani da wannan aikatau ta fuska huɗu aƙalla. Ta farko, karɓau ɗinsa wuri ne: mutum ya shiga gari ko daji ko kogo yana zagayawa yana dubawa domin ya san yadda yake. Baƙon da ya sauka Maraɗi ya wuni yana ratsa layukan babbar kasuwa, da wannan kalma zai ba da labarin wuninsa, ko da yake dubban mutane suna ciniki a wurin kullum. Ta biyu, karɓau ɗin magana ce ko matsala: shugabanni su zauna su duba hanyoyin sulhu, marubuci ya tona zancen maraici cikin littafinsa. Ta uku ta likita ce: ya lalubi rauni, ko ya yi fiɗa domin ya ga abin da ke damun mara lafiya, kafin ya san maganin da zai yi. Ta huɗu ta masu ma'adinai ce, inda ake ƙara ɗan harafin «for» a ce «explore for oil», wato neman man fetur. Waɗanda suka fara taɓa kwamfuta a shagunan intanet na Yamai ko na Tawa sun ga kalmar a jikin Internet Explorer, manhajar da kamfanin Microsoft ya fitar a 1995 ya kuma yi mata ritaya a 2022. Babu yaron da ya latsa ta ya yi zaton shi ya fara ganin abin da ke ciki. Yawo yake yi cikin abin da wasu suka riga suka rubuta.

Me ya haɗa waɗannan fuskoki huɗu? Dukansu aiki ne da ake cikin yinsa, mai yinsa bai san abin da zai taras ba, kuma kalmar ba ta yi alkawarin zai taras da kome ba. Mutum yana iya shekara goma yana wannan aiki ya komo hannu rabbana. In an samu abin, Ingilishi yana da wani aikatau dabam, «discover», Faransanci yana da «découvrir». Wancan tafiya ce, wannan isa ce. Hausa ma ta raba su sarai: akwai nema akwai samu, akwai bincike akwai ganowa. An ce mai nema yana tare da samu, amma ba a ce nema shi ne samu ba. Ga gwaji mai sauƙi da kowane malami zai iya yi a kan allo. A Ingilishi daidai ne a ce mutum ya wuni yana wannan aiki cikin kogo bai ga kome ba. To, a sa fassarar da muka rubuta a taronmu: «Ya wuni yana gano kogo bai gano kome ba.» Ko ɗan aji ɗaya zai yi dariya. Fassarar da ba ta iya tsallake jimla guda ba ta cancanci shiga ƙamus ba.

Da a ce kuskuren nahawu ne kawai, da na haƙura. Amma a dubi abin da gano take nufi a bakin Bahaushe. Ana gano akuyar da ta ɓata. Ana gano ɓarawon da ya ɓuya. Ana gano maƙarƙashiyar da aka ƙulla da dare. Duk inda aka ce an gano abu, to abin ya kasance a ɓace ko a ɓoye, kuma mai ganowa shi ne ya fito da shi sarari. Saboda haka ranar da malami ya tsaya gaban yara sittin a Damagaram ya ce wani Bature ya gano Damagaram, abin da kunnen yaro ya ji shi ne garin kakanninsa ya ɓata ne har aka zo aka tsinto shi. Yaron ba zai yi gardama ba, domin mushe ne ya faɗa. Zai dai ajiye a ransa cewa tarihin gidansu ya soma ne ranar da baƙo ya yi sallama.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. A watan Yuli na 1796 Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotlan, ya iso bakin Kwara a Segu, cikin ƙasar Mali ta yau. Me ya taras? Birni babba mai sarki, da jama'a cike da bakin ruwa suna jiran masu fito su tsallakar da su. Kogin yana da sunaye tun kafin a haifi kakansa: Bambara suna cewa Joliba, Zabarmawa da Songai suna cewa Isa, mu muna cewa Kwara. Abin da Park ya tabbatar shi ne ruwan yana gangarawa gabas, kuma wannan labari sabo ne ga ƙungiyar attajirai da masana da aka kafa a Landan a 1788, wadda ta biya kuɗin tafiyarsa. Ga masunci na Segu kuwa, wanda kullum ruwan ke jan kwalekwalensa, ba labari ba ne. Duhun da Park ya zo ya kore a Landan yake, ba a bakin kogi ba.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. A 1824 Hugh Clapperton ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya zauna da shi suka yi zancen ƙasashe da addini da kasuwanci, aka kuma zana masa taswirar ƙasar da hanyar da Kwara ke bi. Clapperton ya koma Ingila da taswirar, tare da wani yanki na littafin Bello mai suna Infaƙul Maisuri, aka buga su cikin littafin tafiyar da ya fito a 1826. To, ina tambaya: tsakanin wanda ya zana taswira da wanda aka miƙa wa ita, wa ya gano wa? In muka rubuta wa yara cewa Clapperton ya gano Sakkwato, mun ɗauke alƙalami daga hannun mai shi mun ba ɗan saƙo.

Haka zancen Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko tare da James Richardson da Adolf Overweg. Ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850. Daga Abzin ya gangaro kudu cikin ayarin gishiri na Abzinawa, bisa hanyar da raƙuma suka daɗe da sani, har Tasawa a farkon 1851, daga nan Katsina da Kano. Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, Richardson ya bi ta Damagaram. Barth da kansa ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya tsallake Kwara a Sayi a watan Yuni na 1853, ya kai Tumbutu a watan Satumba, inda ya rayu albarkacin kariyar Shehu Ahmad al-Bakkay. Cikin wannan doguwar tafiya babu rijiyar da ya sha wadda ba wani ya gina ba, babu zangon da ya kwana wanda ba shi da suna. Madugu da jagaba da fatake da malamai su ne idanunsa. Ya koyi Hausa, ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya yi ta tambaya yana rubutawa, a Gwandu kuma aka ba shi aron Tarihin Sudan ya kwafi abin da ya iya. Matambayi ba ya ɓata. Aikin da ya yi ke nan: tambaya, dubawa, aunawa, rubutawa. Wannan shi ne ainihin ma'anar kalmar da muke magana a kanta.

Wani zai ce: ai su Turawan da kansu sun yi amfani da kalmar ganowa. Haka ne. Tana cikin sunan ƙungiyar 1788, tana kuma cikin sunan littafin Barth mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Ban ga laifinsu ba ta wannan fuska, domin ƴan uwansu suke rubuta wa, kuma a wurin mai karatu na Landan ko na Balin abin sabo ne fil. Kowane mai ba da labari daga ƙofar gidansu yake hangen duniya. Laifin namu ne, mu da muka ɗauko jimlar da aka rubuta domin mutanen can muka juya ta cikin Hausa ba tare da mun juya mazauninta ba. Duk lokacin da aka ce an gano wuri, akwai tambayar da ta wajaba: a wurin wa ya kasance ɓoyayye? Littafin da aka rubuta a Paris yana iya tsallake wannan tambaya. Littafin da za a karanta a Tasawa ba shi da wannan dama.

Yanzu kuma in juyo ga ɗaya ɓangaren, domin a wancan taro akwai wani matashin malami da ya goyi bayana ta hanyar da ban so ba. Bayan an tashi ya same ni ya ce: «Yaya, ka yi sanyi da yawa. A rubuta leƙen asiri kawai. Dukansu ƴan leƙen asiri ne, su suka share wa mulkin mallaka hanya.» Na san malamai da yawa suna da wannan ra'ayi, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a cikinsa ba. Mun riga mun ga cewa tun a Latin kalmar tana da ƙafa guda cikin sansanin soja. A watan Agusta na 1890 Faransa da Ingila suka ja layi bisa takarda daga Sayi zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, suka raba ƙasar da ba su taka ba. Parfait-Louis Monteil, hafsan sojan Faransa, ya bi wannan layi a 1891 da 1892, ta Sayi da Sakkwato da Kano har Kukawa, domin ya dubo wa gwamnatinsa abin da ya faɗo cikin rabonta. Wannan magewayi ne, babu wani suna da ya fi dacewa da shi. Kyaftin Cazemajou ya biyo baya, aka kashe shi a Damagaram a watan Mayu na 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 kuma sai ga rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayu, ta bar ƙauyuka a ƙone har zuwa ƙasar Tasawa, inda su biyun suka gamu da ajalinsu a hannun sojojinsu kusa da Maijirgi. A ƙarshen Yuli na shekarar aka yi yaƙin Tirmini, Damagaram ta faɗi.

Duk da haka ban yarda da shawarar ƙanena ba, saboda dalili biyu. Na farko, zuba Barth da Voulet cikin ƙwarya ɗaya ƙarya ce, kuma ƙaryar da ta fi yi wa Voulet daɗi. In aka ce dukansu ƴan leƙen asiri ne, an rage wa mai kisan kai laifi, an mai da shi ɗan leƙe kawai. Barth ma'aikacin gwamnatin Ingila ne, ya zo da takardun yarjejeniyar ciniki, kuma waɗanda suka zo da bindiga daga baya sun amfana da taswirorinsa. A faɗa wa yara wannan ba ɓoye-ɓoye. Amma bai ƙone gari ba, kuma masana tarihinmu har yau suna komawa ga littafinsa domin su san yadda Agadas da Tasawa da Katsina suke kafin zuwan Nasara. Aikin malami shi ne ya kira kowa da sunan abin da ya aikata: wannan matafiyi mai bincike ne, wancan magewayi ne, wancan kuma ɗan ta'adda ne cikin kakin soja. Dalili na biyu na aji ne. Yaron da muka koya wa cewa kalmar tana nufin leƙen asiri, ranar da ya gamu da ita cikin darasin kimiyya ko cikin takardar likita, zai fassara shirme, kuma mu muka jefa shi. Fushi da tarihi ba ya halatta ɓata nahawu.

Akwai wata tambaya da ta fi waɗannan duka zafi a wurina: wa aka yarda ya zama aikau na wannan aikatau? Cikin mutanen da suka raka Barth akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, Overweg ya ƴanta shi a Borno, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Barth har Tumbutu, ya ratsa hamada zuwa Tarabulus, ya tsallake teku, ya shiga Landan a 1855, ya ga Jamus. Ya dubi gidajen Turawa da abincinsu da ɗabi'unsu da idon baƙo, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Abin da Barth ya yi a Kano shi ne Dorugu ya yi a Landan: ya je inda bai sani ba, ya duba, ya kawo wa mutanensa labari. Nahawun Ingilishi bai hana a haɗa sunan Dorugu da wannan aikatau ba. Al'adar marubuta ce ta hana, ta kira shi bara ko yaron Bature. Haka fataken goro da suka buɗe hanyar Gwanja, da alhazan da suka taka daga nan zuwa Makka ta Cadi da Sudan. In dai za mu koyar da kalmar, mu koyar da ita da misalin Dorugu kusa da na Barth, yaro ya gane cewa aikin ba gadon wata fata ba ne.

Kada kuma a zaci zancen na jiya ne kawai. Ma'ana ta huɗu, ta ma'adinai, ita ce ta shafi tukunyar kowa a ƙasar nan. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna neman jan ƙarfe a Azelik, wurin da masana da dama ke ɗauka shi ne tsohon garin Takadda da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, sai suka ci karo da alamun uraniyom. Ba a fara fitar da shi daga Arlit ba sai a 1971. An soma neman man fetur a gabashin ƙasar tun shekarun 1970, amma man Agadem bai fara gudana zuwa matatar Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ba sai a 2011. Tsakanin nema da samu, da kuma tsakanin samu da haƙa, akwai shekaru goma-goma, wani lokaci ma nema ya ƙare ba a samu kome ba. Mai fassarar da ya ji an ba kamfani izinin bincike ya shiga rediyo ya ce an gano mai a wuri kaza, ya sa talaka ya fara lissafin kuɗin da babu su. In shekara ta zagayo bai ga kome ba sai ya ce an sace, alhali wataƙila ko rijiyar gwaji ba a gama ginawa ba.

A nan ne kuma wata kalma mai kama da ita take fakewa, wato «exploit» ta Ingilishi, «exploiter» ta Faransanci, mai nufin haƙa da cin moriya, wani lokaci kuma ci da gumin wani. Asalinsu ba ɗaya ba ne, amma a kunne da ido kamar tagwaye suke. A harkar ma'adinai izinin bincike dabam, izinin haƙa dabam, kowane da sharuɗɗansa da abin da ƙasa ke samu a cikinsa. Ɗan ƙasar da bai iya raba su ba, ba zai iya tambayar hukuma ko kamfani a kan wace takarda aka sa hannu ba. Shi ya sa na ce wa Malam, a zuciyata, ko da babu wanda zai mutu saboda kalma guda, akwai wanda za a cuta saboda ita.

To, me nake so a rubuta? Ina so mu daina neman kalma guda. Inda ake maganar wuri, a ce zagaya ana dubawa, ko ratsa ƙasa da bincike. Inda ake maganar matsala ko ra'ayi, a ce yi nazari, duba hanyoyi, bi diddigi. A wurin likita a ce laluba, ko fiɗar bincike. A wurin ma'adinai a ce nema, ko binciken ƙarƙashin ƙasa, a ware shi daga haƙa. A wurin soja a ce gewaya ko leƙen asiri. Shi kuma mutumin da littafin Faransanci ke kira «explorateur», a ce matafiyi mai bincike, a kuma faɗi wanda ya aiko shi da abin da aka aiko shi nema. Gano kuwa a ajiye ta inda ta dace, inda babu ɗan Adam da ya san abin kafin nan, kamar yadda Klaproth ya gano sinadarin uraniyom a 1789. Game da garuruwanmu da kogunanmu, jimlar gaskiya ita ce: wane shi ne Bature na farko da ya iso nan ya kai wa mutanensa labari. Ba ta rage wa matafiyin wahalar da ya sha ba, ba ta kuma shafe waɗanda suka ba shi ruwa da masauki ba.

Za a ce wannan ya yi tsawo, ƙamus yana son gajarta, kuma rashin kalma guda alama ce ta talaucin harshe. Wanda ya faɗi haka ya je ya fassara mini ci da kalmar Faransanci guda: ci tuwo, ci kasuwa, ci jarrabawa, ci amana, ci sarauta, ci bashi. Zai buƙaci aikatau shida, kuma babu wanda ya ce Faransanci ya talauce. Kowane harshe da inda ya tara ma'anoni cikin kalma ɗaya da inda ya rarraba su. Ƙamus ba teburin ɗan canji ba ne da za a miƙa kalma a karɓi kalma. Layi uku da misali a ƙarƙashin kowace ma'ana ba za su cinye takarda ba. Za a kuma ce masu gyaran jarrabawa sun saba da gano. Su wane ne masu gyaran in ba mu ba?

Abu na ƙarshe da ya sa nake kishin wannan kalma shi ne mu ma muna bukatar aikin da take nufi. Akwai rubuce-rubucen ajami da na Larabci da Bubu Hama da waɗanda suka biyo bayansa suka tara a cibiyar binciken IRSH a Yamai, da yawansu suna jiran mai karantawa. Akwai kufai a kowace jiha waɗanda tsofaffi kaɗai suka san sunan mutanen da suka zauna cikinsu, kuma tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. André Salifou ya bi diddigin tarihin Damagaram, Djibo Hamani ya yi na Adar da na Abzin, amma filin da ya rage ya fi wanda aka nome. Yaron da aka koya wa cewa baƙi sun riga sun gano kome ba zai ga dalilin ɗaukar takarda da alƙalami ya je gun kakarsa ba. Wanda aka koya wa cewa bincike tafiya ce da tambaya, kuma kowa yana iya yinta, shi ne zai tashi.

Saboda haka ina roƙon ƴan uwana malamai, kowa ya buɗe kundin darasinsa ya duba jimlolin da yake karanta wa yara game da Park da Clapperton da Barth, ya gyara abin da ya kamata. Ina roƙon ƙungiyoyin harshe su sa ido a kan ƙamusoshi da littattafan da ake shiryawa kafin su kai ga maɗaba'a. Shi kuma Malam, wanda a hannunsa na fara sanin mene ne aikatau, in wannan rubutu ya iso gare shi ina neman afuwa. Ƙamus ɗinmu bai fita ba tukuna, kuma a zama na gaba zan sake ɗaga hannu.